Hattara da Dalma da Zaiba: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Duk abin da ke duniyar nan, daga ruwan randa har ƙashin jikinmu, an gina shi ne da sinadarai na asali, waɗanda zuwa yau aka san guda 118. A shekarar 1869 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Dimitiri Mendeleyeb, ya jera waɗanda aka sani a zamaninsa cikin jadawali, ya lura cewa halayensu suna maimaituwa. Har gurabe ya bari na waɗanda ba a gano ba tukuna, kuma a 1875 aka gano ɗaya daga cikinsu, galiyam, da halayen da ya faɗa. Jadawalin yau yana da rukuni 18, kowane rukuni tamkar gida ne na 'yan uwa masu kama da juna.

Ɗalibai suna haddace jadawalin don cin jarrabawa, su watsar. Amma akwai darasi a cikinsa da ya shafi rayuwar 'ya'yanmu: jiki yakan ruɗe ya karɓi guba saboda ta yi kama da abin da yake buƙata.

Dalma tana rukuni na 14, tare da kuza. Idan ta shiga jiki, sai ya ɗauke ta kamar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru, wata kuma ta wuce ƙwaƙwalwa. Yaro ya fi babba zuƙarta, musamman wanda ba ya samun abinci mai gina jiki. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ne ake kawowa gida ana daka ana niƙa a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasan da yara ke rarrafe. A 2015 haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Abin takaicin shi ne, kaɗan ɗin ba ya sa suma ko jijjiga, sai dai yaro ya taso kansa ba ya ɗaukar karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Iyaye mata, kwallin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a sa wa jarirai, yawancinsa ma'adinin dalma ne. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan.

Zaiba kuwa tana rukuni na 12, gida ɗaya da tutiya, wadda jiki ke buƙata har ake ba yara masu gudawa. Ita zaiba ba ta da wani amfani a jiki. Masu haƙar zinare suna kama zinare da ita, su ƙona ta a wuta. Tururin ba shi da wari ko launi, amma yana lalata jijiyoyi da ƙoda, yana sa karkarwar hannu, yana kuma cutar da ɗan tayi. Ana samunta a wasu mayukan bilicin ma.

Don haka kada a shigo da dutsen ma'adinai gida. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Kada a fasa tsohon batirin mota kusa da gidaje saboda dalmar da ke cikinsa, kada kuma a ƙona zaiba a ɗaki ko a murhun girki. Duk garin da ake haƙar zinare, a nemi jami'an lafiya su auna jinin yara ko da ba a ga alamar ciwo ba.