Sayen Wando: Ɗinkin Gida Ko Gwanjo?

Jama'a, wando yana cikin tufafin da magidanci ba ya rabuwa da sayensu, ko don kansa, ko don 'ya'yansa 'yan makaranta. Yawancin masu ƙaramin ƙarfi hanya biyu ce gare su: ko su sayi wanda aka ɗinka a ƙasar nan, ko su nufi masu gwanjo. An rubuta wannan bayani ne domin kowa ya san abin da zai duba kafin ya fid da kuɗinsa.

Mene Ne Jins?

Jins wando ne na yadin auduga mai kauri. A shekarar 1873 ne Levi Strauss da Jacob Davis suka sami takardar mallakar dabarar ƙarfafa bakin aljihunsa da ƙananan ƙusoshin ƙarfe a Amurka, domin leburori. Wajen saƙa yadin, zaren tsaye ake rinawa da shuni, irin launin da marina suka sani a Ƙofar Mata ta Kano, a bar zaren kwance fari. Shi ya sa cikin wandon ya fi wajensa haske. Shunin kuwa a bayan zare yake tsayawa, ba ya ratsa shi, don haka jins yakan zuba a wankin farko, ya riƙa koɗewa a hankali. Wannan ba aibi ba ne.

Abin Da Doka Ta Ce

Ya kamata kowa ya sani cewa tufafin gwanjo suna cikin kayan da aka haramta shigo da su Nijeriya. Da yawa daga dilolin da ake kwancewa a kasuwanni irin su Katangowa a Legas da Ƙofar Wambai a Kano ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, musamman ta iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Saboda haka ba wata hukuma da ta duba tsabtarsu, kuma idan an cuci mai saye, da wuya ya sami wanda zai kama.

Akwai kuma maganar aikin yi. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi da tufafi suna cikin dalilan durƙushewar masaƙu irinta. Amma har yanzu teloli masu ɗimbin yawa suna ɗinka wanduna a Aba, ana sayarwa a kasuwar Ariaria, daga can a kai sauran jihohi. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni cewa ma'aikatunta su fifita kayan gida wajen sayayya, har da kayan sarki da takalma.

Idan Za Ku Sayi Ɗinkin Gida

1. Ku auna ƙugunku da tsawon ƙafarku da tef kafin ku fita. Da inci ake rubuta awon wando, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Lambar farko ta ƙugu ce, ta biyu ta tsawon ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa.

2. Ku juya wandon ku dubi ɗinkin ciki. Ku ja gefe biyu na ɗinkin da hannu. Idan ya buɗe har kun ga zare, ba zai yi ƙarko ba.

3. Ku ja zik sama da ƙasa sau uku, ku taɓa maɓalli da bakin aljihu.

4. Auduga takan tsuke a wankin farko. Kada ku ɗauki wanda ya matse ku tun a kasuwa.

5. Kada tambari ya ruɗe ku. Wasu masu ɗinki sukan liƙa sunan kamfanin waje a kan aikinsu don su ƙara kuɗi. Yadi da ɗinki za ku saya, ba suna ba.

Idan Gwanjo Ƙarfinku Ya Kai

Ku yi ciniki da rana, ba da almuru ba. Ku ɗaga wandon ku fuskanci haske. Inda yadi ya ci, haske zai ratso. Hantsa da gwiwa da mazaunai su ne wuraren da suke fara mutuwa. Ku dubi kalmasar ƙafa, ku zura hannu cikin kowane aljihu. Tabon mai ko na fenti ba ya fita. Kada ku dogara ga lambar da ke jiki, gama awon ƙasashe ya bambanta, tsohon wando kuma ya riga ya saki ko ya tsuke.

Kiyaye Lafiya

Ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata da kuɗin cizo duk suna iya bin tufafi. Ƙwarƙwata cikin ɗinki take ɓuya ta yi ƙwai. Saboda haka kada ku gwada gwanjo a kan fatar jikinku, kada kuma ku haɗa shi da kayan iyali kafin wanki. Ku jiƙa shi cikin ruwa mai zafi ƙwarai da sabulu, ku wanke shi shi kaɗai, ku shanya a rana ya bushe sarai, sa'an nan ku goge ciki da waje, kuna danna dutsen guga a kan layin ɗinki. In ƙaiƙayi ko ƙuraje suka fito, a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Lissafi Kafin Saye

Wandon da ya yage cikin wata uku ya fi wanda ya shekara biyu tsada, ko da rabin kuɗinsa aka saye shi. Ɗinkin gida yana da wata fa'ida: kun san wanda ya sayar muku, kuna iya mayarwa a gyara ko a canja, kuɗin kuma ya shiga hannun telan ƙasarku da yaran shagonsa. Ku karɓi rasit a duk inda ake bayarwa. Wanda aka sayar wa jabu yana iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya. Magabata sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.