Shin Ko Kun San? Filayen Jirgin Sama Masu Yawo A Teku

Shin ko kun san akwai filin jirgin sama da ke tashi daga wannan nahiya ya tafi waccan? Da titinsa, da hasumiyarsa, da rumbun mansa, har da asibitinsa, duk a kan ruwa! Shi ne jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi. Ku gyara zama, yau abin mamaki ya yi yawa.

Mu fara da babban yayansu. USS Gerald R. Ford na Amurka, wanda ya kama aiki a 2017, shi ne jirgin ruwan yaƙi mafi girma a duniya. Tsawonsa ya haura mita 330. Faɗin doronsa mita 78. Nauyinsa kimanin tan 100,000. Mutanen Potiskum, ku da kuka san tirela ciki da bai, ku yi lissafi: in kowace ta ɗauki tan 30, sai an jera fiye da 3,300 kafin kayansu su kai nauyin jirgin nan guda. Kuma ga shi can a kan ruwa, bai nutse ba!

Kuɗinsa fa? Kimanin dala biliyan 13. Jirgi ɗaya tal! Ban da kuɗin jiragen saman da ke kansa, waɗanda kan iya haura 75.

Kada ku ɗauka nauyi ya hana shi sauri. Yana gudun fiye da kilomita 55 a awa ɗaya. Gidan mai kuwa ba ruwansa da shi, domin da makamashin nukiliya yake tafiya. Irinsu kan shekara 20 da ɗoriya ba a sake musu makamashi ba. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka ɗura shi zai iya gama jami'a jirgin bai nema ba!

Mutum fiye da 4,000 ke kwana su tashi a cikinsa. Akwai gidan burodi, akwai shagon aski, akwai likitan haƙori, akwai gidan waya. Ruwan sha fa, alhali na teku gishiri ne? Jiragen samfurin Nimitz kan tace kimanin lita miliyan 1.5 kowace rana. Kowace rana fa!

To, ku riƙe wannan da kyau, domin namu ne. Nangere na nesa da bakin teku da fiye da kilomita 700, amma labarin nan ya biyo ta kanmu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila haɗari. Sai ta koma kawo jiragen yaƙinta Takoradi, a Ghana ta yau. Wasu a akwatunan katako ake kawo su a harhaɗa, wasu kuma jiragen dako ne suka kawo su: HMS Argus a watan Satumban 1940, HMS Furious a Nuwamban shekarar.

Daga Takoradi sai ina? Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce N'Djamena a yau, El Fasher, Khartoum, sannan Alƙahira. Kusan kilomita 6,000! Ƙananan jiragen kan tafi ayari guda, babban jirgi mai masanin hanya yana gaba. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Yanzu ku ɗauko taswira, ku ja miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Maiduguri. Ta ina ya bi? Ta saman ƙasar Nangere, arewa kaɗan da Potiskum!

Amurkawa ma sun biyo sahu. Ranar 10 ga Mayun 1942, jirgin dakonsu USS Ranger ya tsaya a tekun Accra, jirage 68 samfurin P-40 suka tashi daga doronsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 19 ga Yuli ya dawo da wasu 72. Jiragen sojan ƙasa ne fa, ba a ƙera su don tashi daga kan ruwa ba. Suka sauka a Accra, daga nan suka ratsa Afirka zuwa fagen daga.

Afirka ta Yamma ta ga faɗan ma da idonta. Ranar 8 ga Yulin 1940, jirage samfurin Swordfish suka tashi daga HMS Hermes suka kai wa katafaren jirgin yaƙin Faransa, Richelieu, hari a tashar Dakar. Kun san da me aka lulluɓe fikafikan Swordfish? Da ƙyalle! Irinsu ne kuma suka lalata sitiyarin Bismarck, jirgin da Jamus ke taƙama da shi, a watan Mayun 1941.

Wa ya fara wannan kasada ta tashi daga kan jirgin ruwa? Wani matashi Ba'amurke, Eugene Ely. Ranar 14 ga Nuwamban 1910 ya tashi daga wani dandamalin katako mai tsawon mita 25 kacal da aka kafa a kan USS Birmingham. Tayoyinsa sai da suka taɓa ruwa kafin jirgin ya ɗaga. Wata biyu bayan haka, ranar 18 ga Janairun 1911, ya sauka a kan USS Pennsylvania a San Francisco. Me ya tsayar da shi? Igiyoyi da aka shimfiɗa, aka ɗaure bakinsu da buhunan yashi. Rigar ceton da ya sa kuwa, tiyub ɗin keke ne ya hura ya naɗa a ƙirji!

Ga abin sha'awa: har gobe dabarar nan ake yi. Jirgin yaƙi na zuwa da gudun kimanin kilomita 240 a awa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki igiyar ƙarfe, ya tsaya cak cikin daƙiƙa biyu. Igiyoyin uku ne ko huɗu. Kuma da zarar taya ta taɓa, matuƙi ba birki yake takawa ba, wuta yake ƙarawa har ƙarshe! Don me? In ƙugiya ta kuskure, sai ya sake tashi ya zagayo, maimakon ya faɗa teku.

Tashin ma wani abin kallo ne. Titin ya yi gajarta, don haka harba jirgin ake yi da wata majaujawa da ke ƙarƙashin doron. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 260 a awa cikin daƙiƙa biyu. Tirƙashi! Tsofaffin da tururi suke aiki, ta Ford kuwa da wutar lantarki da maganaɗisu. Kafin a fara, sai jirgin dakon gaba ɗayansa ya juya ya fuskanci iska.

A doron jirgin ba a jin magana saboda ƙara. Riga ce ke faɗin aikin mutum. Masu rawaya ke ba jirage hannu. Masu kore ke kula da majaujawa da igiyoyi. Masu shunayya, 'yan mai ne. Masu ja, makamai da kashe gobara. Masu fari, lafiya da kiyaye haɗari. Sannan a kai a kai sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, su taka doron daga wannan baki zuwa wancan, kai a sunkuye, suna tsintar ƙusa da tsakuwa. Noti ɗaya in injin ya zuƙe shi, ya isa ya kashe jirgin miliyoyin daloli!

Shin ko kun san an taɓa gwabza yaƙin ruwa ba tare da jiragen ruwan sun hango juna ba? A tekun Coral ne, watan Mayun 1942, tsakanin Amurka da Japan. Jiragen sama ne suka yi ta kai saƙo. Wata guda bayan nan, a Midway, Japan ta rasa jiragen dako huɗu a karo ɗaya: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Duka huɗun suna cikin shidan da suka kai harin Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941. Wata shida kacal tsakani!

Ga wanda bai ci arzikinsa ba. Shinano na Japan shi ne jirgin dako mafi girma a zamaninsa. Kwana goma da shigarsa aiki, a Nuwamban 1944, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Archerfish ya nutsar da shi. Ko jirgi ɗaya bai harba a fagen yaƙi ba.

Ku ji wata sabuwa: jirgin dako na ƙanƙara! Ingila ta yi niyyar ƙera shi da ƙanƙara gauraye da garin katako, domin haɗin yana da tauri kuma ba ya saurin narkewa. Habakkuk aka sa wa shirin. Har ɗan samfuri aka gina a tafkin Patricia na Kanada a 1943, kafin a watsar. Japan kuma ta ƙera jirgin ƙarƙashin teku, I-400, mai ɓoye jiragen sama uku a cikinsa. Ya ɓullo, ya harba su, ya koma ƙasa!

Kun san C-130, shirgegen jirgin kayan nan da sojojin saman Najeriya ke amfani da irinsa? A 1963 wani matuƙi, James Flatley, ya saukar da shi a kan USS Forrestal. Ba sau ɗaya ba, sau 21 yana tsayawa cak. Ba ƙugiya, ba igiya, ba majaujawa! Har yau ba a saukar da jirgin da ya kai shi girma a kan jirgin dako ba.

Jirgin dakon farko na ƙasar Sin fa? Daga Yukiren aka saye shi a 1998, kan dala miliyan 20, da sunan za a mai da shi otal da gidan caca a Macau. Ba ya iya tafiya da kansa, jan sa aka yi. Ya shafe fiye da shekara yana jiran Turkiyya ta ba shi hanya, sannan aka zagayo da shi ta gaɓar Afirka. A 2012 sai ga shi ya fito da sunan Liaoning, jirgin yaƙi sosai!

Amurka ke gaba da manya guda 11. Ingila na da biyu, Indiya biyu. Charles de Gaulle na Faransa shi kaɗai ne mai nukiliya a wajen Amurka. A Afirka kuwa, Masar ta karɓi biyu masu ɗaukar jirage masu saukar ungulu a 2016, ta sa musu Gamal Abdel Nasser da Anwar El Sadat. Faransa ta ƙera su ne don Rasha, cinikin ya wargaje saboda rikicin Crimea. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama! Mu nan Najeriya, NNS Aradu da ya kama aiki a 1982 yana da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu a bayansa. Tsawonsa mita 125, wato bai kai rabin Ford ba.

Yanzu kuma har matuƙin an fara sallama. A Nuwamban 2024, jirgi marar matuƙi na Turkiyya, Bayraktar TB3, ya tashi daga doron TCG Anadolu, ya yi shawagi, ya dawo ya sauka lafiya, ba kowa a cikinsa. Wanne ya fi ba ku mamaki, na ƙanƙarar ko na gidan cacar? Ku kai su majalisa da yamma, ku ga wanda zai yarda a karon farko!