Daga Taura zuwa Zariya: Ilimin na'urorin da ke auna hasken nukiliya

Tun shekarar 2004 Najeriya ke da tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙarama ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30, kuma ƙasar Sin ce ta ƙera ta. Ba ta ba gari wutar lantarki. Aikinta shi ne gano sinadaran da ke ɓoye cikin ƙasar noma da taki da ma'adinai da abinci.

Ga yadda abin yake. Ana sanya ɗan samfuri cikin tukunyar, ƙwayoyin niyutiron su buge shi, sai ya soma fitar da hasken gama wanda ido ba ya gani. Kowane sinadari yana da irin nasa hasken, kamar zanen yatsa. Na'urar da ke kama shi an yi ta da sinadarin jamaniyom, kuma sai an sanyaya ta da ruwan nitirojin zuwa kusan digiri 196 ƙasa da sifiri. Ɗan motsin lantarkin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, don haka dole a ƙara masa ƙarfi, a tace shi, a mayar da shi lambobi kafin kwamfuta ta karanta. Idan sashe guda ya lalace, bincike ya tsaya cik har sai an sami gwanin da zai gyara.

Wannan gwaninta fage ne na ilimi mai zaman kansa. Ɗalibin da ya taso a Taura zai iya fara digirin kimiyyar fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sannan ya wuce Zariya don digiri na biyu da na uku. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana tana ba da guraben horo. Irin ilimin ne kuma ke tafiyar da na'urorin cibiyar CERN kusa da Janeba, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012.

Hanyar tana da tsawo, albashin malamin jami'a kuma ba ya kai na kamfanonin mai. Sai dai na'urorin kula da masu cutar daji da na duba kaya a tashoshin jiragen ruwa duk suna buƙatar irin wannan hannu, kuma ƙasar da ba ta horar da nata ba, da kuɗin waje za ta riƙa ɗauko masu gyara.