Gardi Da Allon Ƙanensa: Yadda Magabata Suka Renon Malamai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yau muna so mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, zuwa ga wani mataki na neman ilmi wanda muke tsallakewa saboda gaggawa, watau lokacin da ɗalibi ke koyo, yana kuma koyar da na ƙasa da shi, yana yi wa malaminsa da jama'a hidima. Magabatanmu ba su ɗauki wannan lokaci ɓata shekaru ba. A nan suke gane wanda aka halitta domin aikin malanta da wanda rawani kurum yake so.

A dubi tsarin tsangaya. Yaro yakan fara da kolo, ya zama titibiri, sa'an nan ya kai gardi. Gardi bai zama alaramma ba tukuna, yana tilawarsa yana ƙoƙarin hadda, amma shi ke rubuta wa ƙanana allo, shi ke biya musu karatu da asuba, da damina kuwa shi ke gaba a gonar malam. Wanda ya maimaita wa kolo ɗan shekara 7 harafi guda sau 20, yaron yana kuka yana gyangyaɗi, lalle ya koyi wani haƙuri da ba a rubuta shi a allo ba. Kuma sau da yawa a nan yake tarar da ɓarakar karatun kansa, domin tambayar yaro ba ta da kara.

Asalin abin yana cikin Sunna. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 a Madina, yana cikin sahabban da suka fi yawan ruwayar hadisi. Buhari kuma ya kawo hadisin Sayyidina Usmanu wanda ya fifita mai koyon Alƙur'ani yana koyar da shi, har Abu Abdurrahman Assulami, wanda ya ruwaito shi, ya nuna cewa hadisin ne ya zaunar da shi yana karantarwa tun zamanin Usmanu har zamanin Hajjaju.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Cikin malamansa akwai kawunsa Usmanu Binduri, wanda ya karanta Muhtasar a wurinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labari cewa Shehu ya lizimci wannan malami wajen shekara 2, har ya ɗauko ɗabi'unsa na tsoron Allah da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. A lura, ba littafin kaɗai ya ɗauko ba, har da halin mai littafin, abin da ba a samunsa sai da zama tare da durƙuso. Ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya nufi Makka sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiya ba.

Ya fara wa'azi a Degel wajen 1774, yana ɗan shekara 20, alhali bai daina ɗaukar karatu wurin malamai ba. Abdullahi yana ɗan shekara 13 mahaifinsu ya danƙa shi a hannun Shehu, ya zama ɗalibinsa kuma abokin tafiyarsa zuwa Kabi da Zamfara, inda suka shafe wajen shekara 5 suna kiran mutane da harshen da suke ji. Daga fara wa'azi zuwa hijirar Gudu a 1804 shekara 30 ke nan cur. Masu ɗokin labarin yaƙi sukan tsallake waɗannan shekaru, a ganinmu kuwa su ne tushen kome.

An ga amfanin wannan reno a Magami wajen 1788, ranar Babbar Salla, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abubuwa 5 a madadinta, ciki har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Mutumin da ya saba karantarwa ba don lada ba, zinariya ba ta rufe masa baki.

To, ina muka tsaya? Da yawanmu da zarar yaro ya sauke, ko ya karɓo takardar shaida, sai mu ce ya gama, a nema masa rumfa ko ofis. Idan malaminsa ya ce a bar shi shekara guda ya taimaka da ƙananan azuzuwa, sai mu ga an cuce mu. Mu kanmu mukan zauna a zaure bayan magariba mu karanta Ahalari da Iziyya da Risala, mu naɗe littafi mu shiga gida, iyalinmu ba su san farillan alwala ba. Shehu ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara jajoji masu zuwa ɗaukar karatu wurinta su koma ƙauyuka su koyar da mata.

Sai dai kada a fake da sunan hidima a zalunci yara. Tura ƙaramin yaro yawon bara cikin rana ba takalmi, ko mai da shi ɗan aike wuni guda ba a duba allonsa ba, wannan ba hidimar da muke nufi ba ce, kuma alhakin yana kan uban da ya kai ɗansa bai bi shi da ko mudun hatsi ba. Ɗan kasuwan da ke da hali ya ɗauki nauyin ciyar da gardawan makarantar unguwarsu, domin su samu sukunin zama da yara. Ma'aikacin da ya kai Risala kuwa, akwai masinja a ofishinsu, akwai yaran shago a layinsu, waɗanda ko Ƙawa'idi ba su fara ba.