Direban Babbar Mota, Ƙungiyar Wa Kake Biya wa Kuɗi?

Ranar 8 ga Satumba, 2025, direbobin tankar mai da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta NUPENG suka ajiye makullai. Rigimarsu da matatar Ɗangote ce ta Legas, wadda ta yi shirin zuba motoci 4,000 masu aiki da iskar gas don raba mai da kanta. NUPENG ta ce an hana sababbin direbobin shiga cikinta, kamfanin ya musanta. Washegari aka zauna a Abuja, aka sa hannu cewa duk ma'aikacin da ke son shiga ƙungiya yana da 'yancin shiga, aka janye yajin aikin.

Direban da ke lodin gero da wake daga kasuwar Ɗambatta zuwa Dawanau, ko mai ɗibar shanu zuwa Kudu, ko mai bin hanyar Kazaure da Daura har Kwangwalam, zai ce ina ruwansa da faɗan manya. Akwai ruwanka, malam direba, domin dokar da aka kafa hujja da ita a Abuja kai ma taka ce. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Dokar ƙwadago ta hana mai mota ya gindaya maka sharaɗin ka shiga ko kada ka shiga, ta kuma hana shi korarka saboda ka shiga. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyi a 2005 ya ƙara da cewa shiga ganin dama ce, babu mai tilasta ka.

To, a shiga ko kada a shiga? A ganina a shiga, amma da ido buɗe.

Dubi yadda aikin yake a nan. Yawanci da baki ake ɗaukar direba: Alhaji ya miƙo makulli, a yi addu'a, shi ke nan. Babu takarda, babu maganar hutu, babu wanda ya faɗi abin da zai biyo baya idan taya ta fashe a dajin Mokwa ko mota ta kife da kaya. Kuɗin hanya da aka ba ka shingaye su cinye shi kafin ka ƙetare Jebba, ka dawo a ce ka yi cikon gibi daga albashinka. Mai kaya yana ta waya yana son tumatirinsa ya isa kasuwar Mile 12 ta Legas kafin ya ruɓe, sai a yi ta tuƙi ba barci, wasu har su faɗa shan ƙwaya. Idan direba ya karye ko ya rasu, iyalinsa su samu buhun hatsi da ta'aziyya. Yaron mota kuwa ko wannan ba lallai ya samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, kuma dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF don biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Direba ɗaya ba zai iya tunkarar ubangidansa da wannan magana ba, sai a karɓe makulli a ba wani. Direbobi talatin na kamfani ɗaya idan suka zo da murya ɗaya, dole a saurare su.

Gargaɗin shi ne, ba kowace ƙungiya da ke tasha ce taka ba. NARTO ta masu motoci ce. RTEAN ma ta masu ɗaukar ma'aikata ce. Ƙungiyar dillalan abinci da shanu da ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ta 'yan kasuwa ce, kodayake motocin direbobi ne suka tsaya. Wadda aka kafa da sunan ma'aikatan sufuri ita ce NURTW, tun 1978, tana ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta NLC. Ita ma sai an duba, don a tashoshi da yawa abin da direba ya sani game da 'yan yuniyon shi ne yankar tikiti da kuɗin lodi, kuma sau da yawa shugaban reshe shi kansa mai motoci ne. Yaya zai tsaya maka a gaban ɗan'uwansa mai mota? A Kudu ma rikicin shugabanci da kuɗin tasha ya sa gwamnatin Oyo ta dakatar da ƙungiyar a 2019, ta Legas ta yi haka a 2022.

Haka kuma a yi hattara da ƙungiyar da mai kamfani ya kafa wa direbobinsa da kansa, ya zaɓa musu shugaba. Irin wannan zargin na cikin abin da ya hura wutar rigimar matatar Legas.

Saboda haka kafin ka miƙa sisinka, yi tambaya. Su wa suka zaɓi shugabannin reshen, kuma yaushe za a sake zaɓe? Ina rasit, kuma a wane taro ake karanta lissafin kuɗi? Direba nawa suka karɓo wa haƙƙinsa a hannun mai mota, ko suka yi belinsa da aka tsare shi a hanya? Yaron mota yana da kati? Idan amsar ita ce "haka muka tarar", to haraji kake biya kawai.

Su ma masu motoci kada su ɗauki wannan a matsayin tawaye. Direban da ya yi barci ya ƙoshi, ya san haƙƙinsa a rubuce, shi ne mai dawo da mota lafiya, ba ya sayar da gas a hanya.

Direbobin Ɗambatta da Makoɗa da kewaye, ku zauna da juna tun ba a kai ga haɗari ba. Ku nemi takardar aiki, ku riƙa zuwa taron reshe, ku adana kowane rasit. Wanda aka kora saboda ƙungiya ya sani Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, ya kai ƙararsa can.