Mai Tsaron Ƙofar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta mai aiki da Linux, ko wani daga cikin dangin Unix, ya san allon nan da yake tarar mutum tun kafin ya ga takardunsa, wanda ba ya ɗauke da komai sai gurbin suna da na kalmar sirri. Amma saboda yawan sabo, da wuya a sami mai tsayawa ya tambayi kansa wace manhaja ce take tsaye a nan, da ikon wa take tambaya, kuma me take aikatawa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar tebur. Alhali kuwa mas'ala ce da ta cancanci tahakiki, domin ta hannunta amanar dukan abin da ke cikin na'urar take ratsawa.

Tun farkon shekarun 1960, sa'ad da Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka gina tsarin CTSS don mutane da yawa su yi tarayya a kwamfuta guda, larura ta wajabta a ba kowa kalmar sirrinsa, Unix kuma ta gaji wannan ƙa'ida a kan allo mai rubutu zalla. Ko da Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara tsarin tagogi na X a 1984, mutum sai ya fara shiga ta rubutu, sa'an nan ya ba da umarni da hannunsa hotuna su tashi. A 1988 aka fito da XDM, aikin Keith Packard, wadda take tayar da hotunan tun da fari ta yi tambayar a cikinsu. A shekarar da ta biyo kuma aka ƙara mata yarjejeniyar XDMCP, domin a zamanin akwai na'urori masu allo da madannai kawai, waɗanda sai sun aika kira ta waya zuwa wata babbar kwamfuta kafin a aiko musu da allon shiga. An daina dogara ga wannan hanya saboda a buɗe take tura abin da aka rubuta, amma zuriyar XDM tana nan: GDM ta mutanen GNOME, SDDM ta KDE, da LightDM wadda Ubuntu ta ɗauka a 2011.

Hikimar aikin, a ganina, tana cikin yadda wannan manhaja take sauke ikonta. Misalinta kamar amintaccen bara ne a zauren attajiri, wanda makullan gida duka suke rataye a ƙugunsa, amma ba ya ba baƙo sai makullin ɗakin da aka sauke shi. Tana tashi da cikakken iko a kan na'ura, duk da haka GDM da LightDM ba sa yarda su zana allon tambayar da wannan iko, sai su wakilta wata ƙaramar manhaja mai ƙanƙanin izini, don ko wani mugu ya sami ɓaraka a cikinta kada ya tarar da makullan a hannunta. Hukuncin kalmar sirri ma ba nasu ba ne. Suna miƙa ta ga tsarin PAM, wanda injiniyoyin kamfanin Sun suka gabatar a 1995, shi kuwa ya cuɗa ta da lissafi ya gwada da abin da aka adana, tun da ba a ajiye kalmar kanta ko'ina. In ta inganta, sai logind, wani sashe na systemd mai kula da ayyukan na'ura, ya rubuta cewa wane ya buɗe zama, ya damƙa masa allo da madannai da sauti muddin shi ne a gaba. Daga nan manhajar ta tuɓe ikonta, ta ɗauki sunan mai shiga, ta tayar masa da teburin da ya zaɓa, ko a kan X ko a kan sabon tsarin tagogi na Wayland.

Ba a gane tsawon wannan silsila sai ranar da ta tsinke. Mutum ya rubuta kalmarsa daidai, allo ya yi baƙi kamar zai buɗe, sai ga gurbin suna ya dawo, ba tare da wani bayani ba, ko sau nawa ya maimaita. Sau da yawa illar ƙarama ce. A tsarin X akwai wata lamba ta sirri mai bit 128 da bisa al'ada ake rubuta wa mai shiga a fayil ɗin .Xauthority, wadda ita ce shaidar da kowace taga take nunawa kafin a bar ta ta bayyana. To, in mutum ya taɓa tayar da hotuna da umarnin sudo, mai ara masa cikakken iko, har mallakar fayil ɗin ta koma ga mai cikakken iko, ko kuwa faifai ya cika babu wurin rubutu, zaman yakan mutu tun bai numfasa ba, mai tsaron ƙofa kuma ya koma bakin aikinsa. Masana sukan danna Ctrl da Alt da F3, su shiga ta tsohuwar hanyar rubutu, su karanta .xsession-errors, su mayar wa fayil mai shi ko su rage kaya a faifai.

Fita ita ce aka fi yi wa sakaci, kuma a kanta ma'abota ilmin suka fi saɓani. A zamanin XDM hukuncin a sarari yake: mutum yana rubuta jerin manhajojinsa a fayil ɗin .xsession, da zarar ta ƙarshe ta rufe, zama ya ƙare. A 1994 aka kawo yarjejeniyar XSMP don a sanar da manhajoji su adana aikinsu kafin a rufe. Sai a 2016, da systemd ta fito da bugu na 230, masu ita suka yanke cewa duk abin da mutum ya bari yana gudana a kashe shi idan ya fita, sai fa wanda ya nemi izinin barinsa. Jama'a suka yi ca, musamman masu barin dogon lissafi ya kwana yana tafiya, har Debian da wasu masu rarraba Linux suka ƙi bin hukuncin. Ni dai ina ganin hujjar masu systemd ta fi ƙarfi a kwamfutar da ake tarayya a kanta, domin bai dace a ce mutum ya tafi alhali ayyukansa suna nan suna cin ƙarfin na'ura da sunansa ba, ko da yake sun yi gaggawar ɗora wa kowa sharaɗin da ya saɓa wa al'adar shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakunan kwamfuta na makarantunmu da shagunan intanet, inda don gudun wahala akan saita na'ura ta shige kai tsaye da suna ɗaya, ɗalibi ya tashi wani ya zauna ya tarar da wasiƙun ɗan'uwansa a buɗe. Kulle allo ma dabam yake da fita, domin mai kullewa zamansa yana nan da rai a bayan allon. Mai kula da irin wannan ɗaki, in ya ba kowa sunansa, ya isa ya rubuta umarnin loginctl da yamma kafin ya rufe, ya ga jerin waɗanda suka tafi gida ba su fita ba.