Allurar Feftayid: A Yi Hattara

'Yan'uwa, feftayid wasu ƙananan sinadarai ne da jikinmu kansa yake yi. Wasunsu sun zama magani na gaske, kamar insulin da ake yi wa masu ciwon sukari tun 1922, da oksitosin mai tsayar da jini bayan haihuwa. Duk da haka zafi yana rage ƙarfinsu, kuma insulin in ya yi yawa yakan sumar da mutum.

Akwai wasu kuma, irin su BPC-157, da ake talla wai suna warkar da rauni da ciwon gaɓoɓi. Yawancin gwajinsu a jikin ɓeraye aka yi, ba mutane ba.

Don haka kada ku yarda da allurar kasuwa. In gyambo ya ƙi warkewa, ko ciwo ya daɗe, ku zo asibiti mu duba.